Ranar da Muka Tsayar da Saniyar Baffa Buba

Kai ɗan nan, ɗauke gwiwar hannunka daga kan akwatin nan, ba katangar gidanku ba ce. Ku zauna, tunda kun ce in ba ku labari. Wanda ya san dariya ce ta kawo shi, ya tashi tun yanzu.

Ina jin ku kullum a bakin tasha kuna cewa ɗaukar hoto ba aiki ba ne, a buɗe murfi a rufe, shi ke nan. Kuna ganin akwati, kuna ganin baƙin zane, amma ba wanda ya taɓa sunkuyawa ya dubi abin da ke riƙe da su. To ni ƙafafun nan uku su ne sana'ata. Ban taɓa buɗe murfi da hannuna ba, amma tun kafin Nasara su ci ƙasar nan ake ɗora akwatin hoto a kan icen da na sassaƙa.

Sunana Tanko, gidanmu gidan masassaƙa ne gaba da baya. A lokacin Funtuwan nan ba jirgi, ba rumfunan auduga, 'yan gidaje ne da rijiya, Maska ce gari. Kawuna ya koya mini aiki, kuma da ƙotar gizago yake koyarwa, ba da baki ba. Na daɗe ba na taɓa ice mai kyau, aikina wasa gatari da kwashe sassaƙe. Daga baya aka bar ni in yi ƙotar fartanya, sai taɓarya, sai akushi, sai turmi. Abin da ya fi doka mini a ka shi ne kada in amince da ɗanyen ice. Yau ka gan shi miƙe sambal, in rana ta sha shi ya karkace, mai kaya ya dawo yana zagin ubanka.

Ina da mata da 'ya'ya biyu lokacin da wani ayarin fataken goro ya sauka a zangon Maska. A cikinsu akwai wani Bayarabe mai suna Lawani, mutumin Ikko, musulmi, Hausarsa ta kasuwa ce amma ana ganewa. Jakinsa ya zame wajen ƙetare rafi, kayansa suka bugu da dutse. Aka nuna masa rumfata, ya zo da sanduna uku a haɗe ta sama, ɗaya ta karye, allon da ya haɗa su ya tsage.

Ya ce, "Masassaƙi, ka iya yin ƙafa?"

Na ce, "Ta kujera ko ta gurgu?"

Ya ce, "Ta wannan."

Na juya abin na yi dariya. Mutumin da ya sassaƙa turmi za a kawo wa sanduna uku? Na ce ya dawo bayan la'asar. Wallahi har ayarinsu ya tashi ya bar shi ban gama ba.

Da gora na fara, don ba nauyi. Ya ɗora akwatin hotonsa a kai, ya kama wuyana ya cusa kaina cikin baƙin zane. Na ga kukar zango a kife, saiwa a sama, rassa a ƙasa, na yi a'uziyya. Ya ce in bar a'uziyya in duba da kyau. Sai na ga kukar tana rawa, alhali a waje ko ganye bai motsa ba. 'Yar iskar da ba ta isa ɗaga gefen riga ba ita ce ke kaɗa gorar. Ya ce in dai abin ya yi rawa ko da kaurin gashi ne, fuskar mutum za ta fito kamar an shafa ta da hannu, madubi ɗaya, wanda hoton ke zama a jikinsa, ya tafi a banza, kuma daga bakin teku ake kawo madubin.

Na koma na yi da ƙirya. Wannan kam ko guguwa ba ta kaɗa ta, amma da aka ɗora wa jaki sai ya durƙusa ya ƙi tashi. A ƙarshe na shiga ɗakin kawuna, na zaro wani maɗaci da ya ajiye tun ina yaro yana jiran aikin da ya cancance shi. Maɗaci busasshe ba ya karkacewa, gara ba ta son ɗacinsa, nauyinsa kuma daidai kafaɗar mutum. Shi ne icen ƙafa, duk wanda ya gaya muku wani, bai taɓa ɗaukar ta daga nan zuwa Musawa ba. Maƙeri ya yi mini tsini uku na ƙarfe na sa a ƙasansu don su kama ƙasa.

Kan ne ya fi ba ni wuya. Nasa na asali allo ne kawai, ba ya sunkuyawa, ba ya ɗagowa, in kana son akwati ya dubi ƙasa sai ka ja ƙafa ɗaya baya, komai ya rikice. Na yi ta tunani har na tuna da turmi. Na fafe ɗan ƙaramin turmi, na sassaƙa dunƙule mai santsi ya zauna a ciki, na shimfiɗa jar fata a tsakaninsu, allon akwati a bisa dunƙulen. Ka juya shi duk inda kake so, in ya yi daidai ka cusa tsinken marke a gefe, ya kafe. In fatar ta bushe sai ta riƙa zamewa, in ta sha mai da yawa haka, sai ka san daidai man kaɗen da za ka shafa. Lawani ya juya shi hagu, ya juya dama, ya dube ni ya ce, "Kai ba za ka zauna a Maska ba, tare za mu tafi."

Haka na zama mai ƙafa. Shi ya koya mini kafawa, ni na ƙara da nawa. Ƙafa ɗaya tana duban wanda za a ɗauka, biyu suna baya, don mai akwati ya samu wurin tsayawa bai yi tuntuɓe ba. A ƙasa mai tauri ka taka kowane tsini ya nutse. A kan falalen dutse ka naɗe tsinin da fata, in ba haka ba su baje kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu. In akwai iska ka rataya burgami cike da duwatsu a tsakiya. Sannan ka ɗora ɗan ƙoƙo da ruwa a bisa allon ka duba, in ruwan ya karkata, mutumin zai fito kamar zai faɗi, gidansa ma haka. Duk wannan kafin a ɗora akwati ne. Ku kuwa na ga kuna dasa taku a kan tsakuwa kuna hira.

A lokacin ba mu san kalmar hoto ba, kama inuwa muke cewa. Malamai da yawa sun ce babu kyau, wasu mutane kuma suka ce wanda aka kama inuwarsa ba ya kai baɗi. Duk da haka muna samun masu so, galibi fatake da suka ga abin a kudu, da masu gari, da attajiran da ke son a san an yi su. Mun zaga Bakori, Malumfashi, Ƙarfi, Dandume, har Musawa. A Musawa ne muka gamu da wani mahauci da ya kasa barin korar ƙuda, hannunsa ya saba, ko babu ƙuda sai ya kaɗa. Sai da na ba shi ƙahon sa ya riƙe da hannu biyu, na kafa masa sanda a bayan wuya. Ya fito kamar wanda aka kama da sata, amma ya ji daɗi, har tsire ya aiko mana.

Sai shekarar da shanu suka mutu.

Ku ba ku ga wannan ba, kada Allah Ya nuna muku. Ciwon ya shigo ta gabas. Saniya ta fara hawaye da dalala, ta daina kiwo, ta yi ta zawo, ta kwanta. Garken da ake kwana ana jin kukansa sai ka wayi gari shiru. Da farko nama ya yi yawa har ba mai ɗauka, daga baya ba nama, ba nono, ba taki a gona. Angulu suka ƙoshi har ba sa iya tashi. Na ga dattawan Fulani suna yawo a daji da sanda a kafaɗa suna kiran sunayen shanun da babu su. Ba abin da za ka ce wa mutum sai sannu. Wa zai nemi a kama inuwarsa a irin wannan shekara? Muka zauna a Ƙarfi, ni na koma sassaƙa ƙota, Lawani yana shirin komawa garinsu. Madubi ɗaya ya rage masa.

Ranar kasuwa wani dattijo ya zo ya tsuguna a bakin rumfata. Baffa Buba ne, Bafulatanin da ke zaune a bayan gari tun zamanin kakansa. Na san shi, duk wanda ya bi hanyar nan ya sha nonon gidansa, mu ma mun sha. A da in aka buɗe garkensa da hantsi, sai mai wucewa ya nemi inuwa ya zauna ya jira. Muka gaisa, ya daɗe yana wasa da sassaƙe a ƙasa.

Ya ce, "Tanko, an ce abokinka yana kama inuwa ta zauna a takarda."

Na ce, "Haka ne, Baffa."

"Ta dabba ma?"

"In ta tsaya."

Ya ce, "Saura guda. Wule, mai farin goshi. Daga saniyar da kakana ya shigo da ita ƙasar nan ta fito, uwa bayan uwa. Jiya ta fara hawaye." Ya ɗago kai ya ce, "Jikokina da fartanya za su tashi. In na ce musu mun yi shanu, za su ce tsoho ya ruɗe. Ina so in bar musu abin da za su gani da idonsu."

Na gaya wa Lawani. Ya ce madubin nan ya ajiye shi ne don ya kai wa 'ya'yansa inuwar garin da ya zauna. Ya yi ta jan carbi, can ya ce in ɗauko ƙafa. Bai yi maganar lada ba, ni ma ban yi ba.

Washegari muka isa rugar da hantsi. Farkon damina ne, rumbuna sun ƙare, sabon hatsi bai zo ba, ga hadari ya rufe rana. Yaran gidan suna zaune a jikin danga, ba mai wasa a cikinsu. Wule tana kwance a tsakiyar garke ita kaɗai, numfashinta sama-sama. Matar Baffa, Inna Hajo, ta riga ta kafa ragar banda, ta tara itace, wuƙa a hannunta an wasa. Da naman nan take so ta samo dawar da za ta kai su kaka.

Ta ce wa mijinta, "Malam, a yanka ta tun da sauran numfashi."

Ya ce, "A kama inuwarta tukuna."

Ta ce, "Yara ba za su ci inuwa ba."

Baffa ya juya. Ya shiga bukka ya fito da shuɗiyar rigarsa ta Salla.

Ban taɓa kafa ƙafa a mugun wuri irin wannan ba. Tsohon garke ne, kashin shanu na shekara da shekaru, sama ya bushe, ƙasa laka. Na taka tsini, ya shige har rabin ƙafa. Na zare, na matsa, haka. Sai da na karɓi fartanya na haƙa ramuka uku har na tarar da jar ƙasa, na sa faffaɗan dutse a kowanne. Na ɗora ƙoƙon ruwa, ya karkata, na ƙara haƙa na gaba. Ina yi ina jin numfashin saniyar a bayana, Inna Hajo kuma tana tsaye tana kallona. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Amma madubi ɗaya ne, in ƙafa ta nutse ana cikin ɗauka, an yi biyu babu.

Da na gama, Lawani ya leƙa ya ce a ɗauke ta a kwance yadda take, ya fi sauri, kuma ba za ta motsa ba.

Baffa ya ce, "A'a. Ba za su gan ta a kwance ba."

Lawani ya ce, "Baffa, ba ta da ƙarfi."

"Tsaye kakana ya kawo su."

Aka kira maƙwabta. Suka zura sanduna biyu ta ƙarƙashin cikinta kamar yadda ake tayar da saniyar da rani ya kayar, suka ɗaga. Baffa yana yi mata magana da Fulatanci a kunne, a hankali. Ta dafa ƙafafun gaba, ta dafa na baya, tana makyarkyata. Suka zare sandunan, ta tsaya. Wallahi ta tsaya, har ta ɗaga kai. Maƙwabta suka koma bayan danga don kada su shiga ciki. Ni kuma dole na zare tsinke na ɗaga kan akwatin, tunda da a ƙasa yake duba, na sake daidaita ruwa, na sake cusa tsinke. Dutsen ƙafar hagu ya fara zamewa, na kwanta rub da ciki na riƙe shi da hannu biyu.

Baffa ya tsaya a gefenta, ya ɗora hannun dama a kan tozonta. Lawani ya dubi sama ya ce saboda hadarin nan murfi zai daɗe a buɗe fiye da kullum. Ya ce, "Baffa, in na buɗe, kada ka motsa, kada ka yi magana, ko me ya faru, sai na ce ya isa. Ka yi alkawari?"

Ya ce, "Na yi."

Ya buɗe murfi. Ina kwance ina kallo ta tsakanin ƙafafun akwatin. Ko numfashi biyu ban ja ba gwiwoyinta na gaba suka lanƙwashe, ta tafi gaba ɗaya, wuyanta ya naɗe a ƙarƙashinta. Na ji faɗuwarta a cikin dutsen da nake riƙe da shi. Ƙafarta ta baya tana shure-shure, da sauran rai, da ya durƙusa a lokacin da ya same ta.

Bai durƙusa ba. Yana tsaye, hannunsa a inda tozon yake da, idonsa a kan akwati. Ya riga ya yi wa baƙo alkawari. Inna Hajo ta matso har bakin garke da wuƙa tana cewa, "Malam. Malam." A hankali take faɗa. Mace ba ta yanka a wurinmu, kuma ba namijin da zai sa wuƙa a wuyan saniyar mutum, mai ita yana tsaye bai ce a yanka ba. Maƙwabta suna kallo, ni ina riƙe da dutse. Lawani ya ga abin da ya faru, amma a ganinsa in ya rufe da wuri ko Baffan ba zai fito ba, sai ya bari lokacin ya cika.

Ya rufe ya ce, "Ya isa."

Baffa ya karɓi wuƙa, ya juya wuyanta gabas, ya yi bisimilla ya yanka. Jini bai tsarto ba, ɗan baƙi-baƙi ne ya gangaro ya tsaya. Ba ta shura ba, ko wutsiya ba ta kaɗa ba. Wani dattijo a cikin maƙwabta ya leƙa ya ce, "Buba, ta riga ka." Mushe ke nan. Inna Hajo ta juya ta fara kwance ragar bandar da ta kafa, sanda bayan sanda. Maza suka ɗaura igiya suka ja Wule zuwa bayan gari, yaran suna bin su da ido.

A rumbun Baffa Lawani ya wanke madubin, tunda babu komai a ciki kuma da duhu. Na toshe masa kafofin da zane. Da rana ta ɗan leƙo bayan azahar ya manna shi da takarda ya shanya. Ban taɓa ganin aikinmu ya fito da kyau kamar na ran nan ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Kowane kara na danga ana ganinsa. Zaren wuyan rigar Baffa ana iya ƙirgawa. Ƙafafun da na kafa ba su motsa ba ko kaɗan. Amma inda saniyar take babu saniya, sai wani fari-fari kamar hayaƙin ɗanyen itace daga ƙugunsa zuwa ƙasa. Ba ƙaho, ba tozo, ba farin goshi. Sai tsoho shi kaɗai a garken da ba kowa, ya miƙa hannu.

Baffa ya riƙe takardar ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Ina take?"

Lawani ya ce, "Abin da ya motsa ba ya zama, Baffa."

Ya gyaɗa kai. Ya yi mana godiya, ya ce mu yi haƙuri ba a ba mu ko ruwan nono ba. Ya raka mu har bakin hanya kamar yadda ake raka baƙo. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Lawani ya bi ayari na gaba ya koma kudu, ban sake jin labarinsa ba. Ya bar mini ƙafafun, ya ce tunda madubi ya ƙare ba abin da zai yi da su. Suka yi shekaru a jingine, matata tana rataya ƙwarya a jiki. Sai bayan zuwan Nasara, da masu akwati suka fara biyo jirgi, aka tuna akwai wani tsoho da ya san ƙafa, na koma yi. Baffa Buba bai ga wannan ba. An ce kafin kaka suka watse, yaran aka raba su gidajen dangi, biyu daga ciki ba su kai baɗi ba.

Bara waccan ina zaune a nan, lokacin cinikin auduga, wani magidanci ya sauke buhunsa kusa da ni yana jiran awo. Na ji an kira shi da sunan unguwarsu ta bayan Ƙarfi, na tambaye shi ko ya san gidan Buba. Ya ce ai kakansa ne, amma bai tashi ya same shi ba. Hausarsa tsab, ko gaisuwar Fulatanci bai iya ba. Na ce masa, "Kakanka ya yi shanun da in an buɗe musu garke sai mai wucewa ya zauna ya jira."

Ya yi dariya ya ce, "Anya, Baba? Ko dai wani Buban ne. Mu tun asali manoma ne. Akwai dai wata tsohuwar takarda a tukunyar kakarmu, an ce shi ne a jiki, yana tsaye a kango ya miƙa hannu. Ba ma nuna wa mutane. Mun ɗauka shekarar yunwa ce aka ɗauke shi yana roƙo."

Aka kira shi awo. Na taya shi ɗaga buhun.